Daga Filin Unguwa a Jos Zuwa Horar da 'Yan Mata a Kwalejin Amurka

An haife ni a Jos, garin da yaro ba ya tashi a cikinsa bai taɓa tamaula ba. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, saboda haka abin da yayyena suka yi shi na tashi ina yi. Idan suka fita fili bayan La'asar ina biye da su, da farko ina ɗauko musu ƙwallo in ta faɗa kwata, daga baya ana tsayar da ni a raga in mutum bai cika ba, har aka gane cewa ƙafata ta hagu ta fi ta da yawa daga cikinsu. A yau ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a wata ƙaramar kwaleji a arewacin Amurka. Mutanen gida da suka ji haka sukan ɗauka ƙwallo ce ta ɗauke ni ta dire ni a nan. Gaskiyar magana ita ce ƙwallo ta kawo ni ƙasar, amma ba ta daɗe ba ta sake ni, kuma abin da ya riƙe ni bayan ta sake ni shi nake so in ba da labari.

Mahaifina tela ne, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Da na fara girma, maganganu suka yi yawa a unguwa. Wasu suka ce mace mai guje-guje a fili ba za ta samu miji ba, wasu suka je har shago suka same shi da zancen. Bai yi musu da kowa ba. Wani dare ya kira ni ya ce, "Uwata, ba zan hana ki ba, amma da sharaɗi. Dogon wando za ki riƙa sawa, Magariba ta same ki a gida, kuma ranar da na ga sakamakonki ya yi ƙasa, ranar kin gama da ƙwallo." Da hannunsa ya ɗinka mini wandon. A lokacin sharaɗi na uku ne ya fi yi mini nauyi, domin lissafi ba ya shiga kaina da sauƙi, amma tsoron a raba ni da fili ya sa na riƙa zama da littafi har dare ya raba.

A 1999 aka yi gasar cin kofin duniya ta mata a Amurka, kuma saboda bambancin lokaci sai mun hana idonmu barci muke kallon wasu wasannin. Super Falcons sun doke Koriya ta Arewa da Denmark, sun sha kashi da ci 7 da 1 a hannun masu masaukin baƙi, sannan suka haɗu da Brazil a wasan kusa da na kusa da ƙarshe. An ci mu 3 kafin hutun rabin lokaci, muka farke dukkansu, aka fitar da mu da ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. Ban yi kuka ba a daren, wani abu ne dabam ya kama ni. Bayan gasar muka ji cewa Mercy Akide da Florence Omagbemi sun samu gurbi a kwalejin Milligan da ke jihar Tennessee, suna karatu suna buga ƙwallo. Kafin wannan lokaci ban san akwai ƙasar da ake biya wa mace kuɗin makaranta saboda ta iya ƙwallo ba.

Rikicin Jos na Satumban 2001 ya cinye shagon mahaifina da kekunan ɗinkinsa, ya kuma kawo ƙarshen maganar jami'a a gidanmu, domin abin da za a ci ma sai da dabara. Malamar da ta koyar da mu wasannin motsa jiki a sakandare ita ta nemo mai ɗaukar bidiyo, aka ɗauke ni ina wasa, ta aika kaset ɗin da sakamakon WAEC ɗina zuwa makarantu da dama. Wata kwaleji mai karatun shekara biyu a jihar Kansas ce ta amsa. Neman biza a wannan zamani, bayan harin 11 ga Satumba, ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mai suna irin nawa, amma Allah ya nufa aka ba ni. Ranar da zan tafi, Inna ta ƙi fitowa rakiya, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana cewa in riƙe salla. Baba ne ya kai ni tasha.

Sai da na isa na fahimci yadda tsarin yake. Wasannin manyan makarantu a Amurka suna ƙarƙashin hukumomi ne daban-daban: akwai NCAA mai rukuni uku, akwai NAIA ta ƙananan jami'o'i, akwai kuma NJCAA ta kwalejoji masu shekara biyu irin wadda na fara. Kakar wasa gajera ce, ana fara atisaye cikin zafin Agusta, a gama a Nuwamba, kuma sau da yawa wasa biyu ake bugawa a mako, ga aji, ga jarrabawa, ga doguwar tafiya a bas. Garin da na sauka ba shi da masallaci, ba kuma wanda zan yi wa sallama ya amsa da harshena. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da gasa ta yi zafi, saboda haka nakan buga wasa da azumi a bakina, in sha ruwa a cikin bas da dabino da biskit. Ban taɓa gaya wa mutanen gida ina kuka da dare ba. Katin waya tsada gare shi, kuma 'yan mintocin da nake samu ba na ɓata su wajen tayar wa Inna da hankali.

Na yi wasa mai kyau a tsakiyar fili, har wata jami'a da ke rukuni na biyu na NCAA ta ɗauke ni in ƙarasa digiri. A kakata ta farko a can, a 2004, na juya zan bi ƙwallo ba tare da kowa ya taɓa ni ba, sai na ji ƙara a gwiwata ta hagu, na faɗi. Jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL, raunin da ya fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza. Aka yi mini tiyata, na shiga gashi da koyon tafiya, abin da kan ci wata tara zuwa shekara guda. Na dawo fili, amma gwiwar ba ta dawo ba. Tana kumbura bayan kowane atisaye, kuma saurin juyawar da aka ɗauke ni dominsa ya tafi.

A nan ne na koyi abin da ba wanda ya faɗa mini a gida. A wancan zamani dokar NCAA ba ta yarda a ba ɗan wasa tallafin karatu na fiye da shekara ɗaya a lokaci guda ba, duk shekara sai an sabunta. A rukuni na biyu kuwa, kuɗin da aka yarda ƙungiyar mata ta raba bai kai cikakken tallafin mutum 10 ba, alhali 'yan wasa sun haura 20, don haka kowace kobo ana lissafinta. Da shekara ta zagayo aka rage nawa ƙwarai. Bizar ɗalibi kuma ba ta ba ni damar yin aiki a wajen makaranta ba, a cikinta ma awa 20 ne iyaka a mako, kuma in na rage darussa na fita daga ƙa'idar zama. Na shiga wanke-wanke a ɗakin cin abincin ɗalibai, ina tsaye a kan gwiwar da aka ce in hutar. Abin da ya cike giɓin shi ne wani tallafi na masu ƙoƙari a aji, wanda na samu saboda makina bai taɓa yin ƙasa ba.

Ina cikin wannan hali aka kira ni da asuba, Yaya babba ne a waya. Bai yi doguwar magana ba, ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya rasu jiya da dare, yanzu muka dawo daga maƙabarta." Na ce, "Yaya, me ya sa ba a gaya mini ba shi da lafiya ba?" Ya ce Baba ne ya hana, wai kada a raba mini hankali ina jarrabawa. Ba ni da kuɗin jirgi, kuma bizar da ke cikin fasfona ta ƙare, in na fita sai na sake neman wata, ba kuma tabbacin za a ba ni. Na yi zaman makoki ni kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai, babu mai shigowa ya yi mini gaisuwa irin tamu, babu mai cewa Allah ya jiƙansa sai ta waya. Abokan wasana sun kawo furanni da kati, kuma na san da zuciya ɗaya suka yi, amma abin da nake bukata shi ne in zauna a tabarma kusa da Inna. Na daɗe ina jin haushin ƙwallo bayan wannan. Ina ganin ita ta raba ni da mahaifina, sannan ta watsar da ni. Na tattara kayana na ce zan koma gida ko da bashi. Inna ce ta tsayar da ni, ita da ba ta so tafiyata ba tun farko. Ta ce, "Ke dai ki zauna ki ƙarasa abin da ya tura ki. In kin dawo hannu rabbana, me zan ce da mutanen da suka yi masa dariya?"

Mataimakiyar kocinmu, wata dattijuwa da ta buga ƙwallo tun zamanin da mata ba su da gasar kansu, ta lura ba na zuwa fili ko kallo. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta kawo mini kaset na wasannin abokan hamayyarmu, ta ce idonta ya fara rauni, in taimaka in rubuta mata yadda suke fita daga baya da inda suke barin ƙofa. Na karɓa ne don kunyarta. Amma da na zauna ina mayar da kaset baya, sai na ga ina hango abubuwan da ban taɓa gani ba lokacin da nake cikin fili: wadda ke jinkirin komawa, wadda ba ta iya karɓar ƙwallo da hagu, lokacin da ƙungiya ke gajiya. Abin da na rubuta aka yi amfani da shi, kuma ya yi aiki. Daga nan ban sake barin gefen fili ba.

Na gama digiri a 2006. Ko da gwiwata lafiya take, babu inda zan je, domin gasar ƙwararru ta mata ta farko a Amurka, WUSA, ta rushe tun 2003, wadda ta gaje ta ba ta fara ba sai 2009, ita ma ta mutu, kafin NWSL ta zo a 2013 ta tsaya da ƙafarta. Na samu gurbin digiri na biyu a matsayin ɗaliba mai taimaka wa koci, ana yafe mini kuɗin makaranta, ana ba ni ɗan abin da bai wuce haya da abinci ba. Ni ce mai wankin riguna, mai hura ƙwallaye, mai tuƙa mota, mai bin malamai in ji wace ce ba ta zuwa aji. Da kuɗin da nake tarawa daga horar da yara a lokacin hutu na riƙa yin kwasa-kwasan lasisin koci na hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka, mataki bayan mataki, kuma sau da yawa ni kaɗai ce mace a ajin, ni kaɗai ce baƙa, ni kaɗai ce mai ɗankwali. A cikin waɗannan shekaru na yi aure da wani ma'aikacin jinya ɗan zangon Kumasi, wanda ya ɗauki ɗawainiyar gidanmu a duk lokacin kaka ba tare da gori ba.

Wannan ƙarancin mata a aikin yana da tarihi. Dokar Title IX ta 1972 ce ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma ita ce silar da ƙwallon mata ta bunƙasa a jami'o'i, har NCAA ta fara gasarta ta mata a 1982. Amma kafin dokar, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata a manyan makarantu mata ne ke horar da su. Da albashi ya shigo, maza suka shigo, adadin ya faɗi ƙasa da rabi. Kocin da ya fi kowa suna a wannan fage, Anson Dorrance na Jami'ar North Carolina, wanda ya ci kofin NCAA sau 21 kafin ya yi ritaya a 2024, namiji ne. Ba na rage masa komai, aikinsa ya isa shaida. Abin da nake cewa shi ne dokar da ta buɗe wa mata ƙofar fili ba ta buɗe musu ƙofar ofis daidai da haka ba.

A 2012 aka ba ni shugabancin ƙungiya a karon farko, a wata jami'a ta rukuni na biyu da ta daɗe tana ƙarshen tebur. Na karɓe ta da kuɗin tallafi kaɗan da filin da ruwa ke kwanciya a kai. Makin 'yan wasana a aji ya tashi, sakamakon fili ma ya fara motsi, amma ba da saurin da ake so ba. Bayan kakata ta uku daraktan wasanni ya kira ni ofis, ya yaba mini, sannan ya ce ba za a sabunta kwantiragina ba. Ina da ciki a lokacin. Abin da ya fi yi mini ciwo ba rashin albashin ba ne, shiga ɗakin sauya kaya ne in gaya wa yaran da ni na je har gidajensu na zauna da iyayensu na yi musu alkawarin zan kula da su. Bayan haka na yi watanni ba na son fita, ba na ɗaukar waya, kuma a gida Jos ban bari kowa ya sani ba sai Yaya. Na yi tunanin barin aikin gaba ɗaya in koma koyarwa a firamare. Mijina ne ya ce in ba kaina shekara guda kafin in yanke hukunci. A shekarar na koma horar da 'yan mata ƙanana da yamma, inda babu mai korar kowa saboda an ci shi, kuma a can son aikin ya dawo mini a hankali.

Kwalejin da nake yanzu tana rukuni na uku, inda doka ta hana ba da tallafin karatu saboda wasa kwata-kwata. Duk yarinyar da ke buga mini ƙwallo, so ne ya kawo ta, kuma da yawansu suna aiki bayan aji don biyan kuɗin makaranta. Na fara da abin da ya taɓa ni a jikina: kowane atisaye sai an buɗe shi da tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka tsara don rage raunin gwiwa da idon sawu, ko yaran sun yi ƙorafi ko ba su yi ba. Wadda ta ji rauni kuwa ba ta ɓacewa daga ƙungiya, aiki nake ba ta a gefen fili. Muna cikin hawa sai annobar korona ta zo, aka soke gasar kaka ta 2020 a rukuninmu, 'yan ajin ƙarshe suka fita ba su buga wasansu na bankwana ba. Tun 2018 kuma an sauƙaƙa wa ɗan wasa sauya makaranta, saboda haka yarinyar da ka horar har ta goge tana iya tafiya inda ake biya, kuma ba na riƙe kowa, takardar shaida nake rubuta mata.

Bayan annobar ne muka ci kofin rukunin makarantun yankinmu, wanda ya ba mu gurbi a gasar ƙasa, aka fitar da mu tun a zagayen farko. Takwarorina sun zaɓe ni kocin shekara a yankin, allon yana rataye a ofishina, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗinsa bayan abin da ya wuce. Sai dai in aka tambaye ni abin da na cim ma, abin da ke fara zuwa mini shi ne waɗanda suka gama digiri a hannuna, yanzu wasu ma'aikatan jinya ne, wasu malamai, biyu kuma sun zama koci. Akwai wata 'yar Somaliya da mahaifiyarta ba ta amince ba sai da ta zo ta gan ni da idonta, ta ga ɗankwalina, muka yi magana uwa da uwa. Yarinyar ta buga mana baya da hijabinta har ta gama. Lokacin da nake wasa, FIFA ma sai da ta hana rufe kai a 2007, ba ta ɗage hanin gaba ɗaya ba sai 2014.

Lokacin gasar duniya ta 2023 na ji 'yan Najeriya da yawa suna raina Randy Waldrum, wai kocin makaranta ne kawai, tun da yana horar da Jami'ar Pittsburgh a lokacin da yake riƙe da Super Falcons. Ƙungiyar ta yi canjaras da Kanada, ta doke Ostireliya 3 da 2 a gidanta, kuma sai a bugun fenariti Ingila ta fitar da ita. A cikinta akwai Michelle Alozie da ta fito daga Yale da Tennessee, da Ifeoma Onumonu da Toni Payne waɗanda su ma jami'o'in Amurka ne suka raine su. Ana iya samun saɓani a kan dabarunsa, amma wanda ya ce aikin kocin makaranta wasa ne bai taɓa haɗa ƙungiya cikin mako biyu na Agusta da yaran da rabinsu ba su san juna ba.

Tun daga lokacin saƙonni suka ƙaru daga Jos da Kaduna da Kano, 'yan mata na turo bidiyo ta WhatsApp. Kafin in buɗe bidiyon, sakamakon WAEC ko NECO nake tambaya, domin babu kocin da zai iya shigar da yarinyar da ofishin ɗaukar ɗalibai ya ƙi. Ina gaya musu ni ba ni da tallafin da zan bayar, sai dai in haɗa su da takwarorina a kwalejoji masu shekara biyu. Ina kuma gaya musu su tambayi abin da zai faru da tallafin in sun ji rauni, da wanda zai biya kuɗin tiyata, kuma a rubuta musu amsar. Duk dillalin da ya nemi kuɗi da alkawarin gurbi da biza tabbas, su guje shi. Ko damar da aka ba 'yan wasan jami'a tun 2021 ta samun kuɗi da sunansu da hotonsu, mai bizar ɗalibi ba ta cin moriyarta yadda 'yar ƙasa ke ci.

A bara wata babbar jami'a ta rukuni na ɗaya ta neme ni in zama mataimakiyar koci, da albashin da ya fi nawa da filin da ban taɓa aiki a irinsa ba. Na je na gani, na yi istihara, na yi shawara da mijina da Inna. Aikin yana nufin in koma ƙarƙashin wani, in riƙa kwana a hanya wajen neman 'yan wasa, kuma ranar da aka sallami shugaban ni ma na tafi. 'Yata tana firamare, gwiwata kuma likita ya ce nan gaba sai an sake buɗe ta. Na ba su haƙuri, na sa hannu a sabon kwantiragi a inda nake, bayan da kwalejin ta amince ta ɗaukar mini mataimakiya ta cikakken lokaci, wadda ɗaya ce daga cikin tsofaffin 'yan wasana.